Lacca: Yadda Ake Gano Tarihin Ƙaramar Galaksi Daga Taurarinta

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da war haka.

Babu wanda yake nan lokacin da aka haifi taurarin nan, to da wace hujja muke cewa galaksi kaza, wato tarin taurari masu ɗimbin yawa, ta daina haihuwar taurari tun shekara biliyan 10? Hujjar tana jikin taurarin. Tauraro mai nauyi, shuɗi, mai tsananin haske, cikin 'yan miliyoyin shekaru yake cinye haidirojin ɗinsa, wato gas ɗin da yake ƙonawa, ya mutu. Irin Ranarmu takan yi shekara biliyan 10. Ƙananan jajayen kuwa sun fi ta tsawon rai nesa ba kusa ba.

Ƙananan galaksin da ke zagaye tamu galaksin suna kusa, har ana iya tantance taurarinsu ɗaya bayan ɗaya. Sai a auna hasken kowanne da launinsa, a ɗiga a jadawali irin na masana taurari Hertzsprung da Russell, inda masu haske suke sama, masu dishi-dishi suke ƙasa. Ku dubi allo da kyau. Kun ga wannan dogon layin? Masu ƙona haidirojin ne suka jeru. Can sama, inda ya karye ya karkata wajen ja, nan ne iyakar masu rai. Duk wanda ya fi su nauyi ya riga ya bar layin. Gwargwadon yadda karyewar ta yi ƙasa, gwargwadon tsufan taurarin ke nan.

Ƙaramar galaksin Sculptor, wadda masanin taurari Harlow Shapley ya gano a 1938, kusan duk tsofaffi ne a cikinta. Amma ƙaramar galaksin Carina, da aka gano a 1977, ita ce take burge ni ƙwarai. Karyewar layinta ta fi ɗaya: ta haihu, ta yi tsit na biliyoyin shekaru, sannan ta sake haihuwa. Abin nan ɗan mitsitsi, amma ya iya riƙe gas ɗinsa, wanda daga shi ake samun taurari, ko ya sake tara shi!

Sai dai fa a yi hattara. Tsufa yana sa tauraro ja, yawan ƙarfe da sauran sinadarai masu nauyi ma haka. Shi ya sa ake warware hasken manyan jajayen, wato waɗanda suka bar layin, a auna ƙarfensu, sannan a ƙirƙiri taurarin gwaji masu shekaru daban-daban a kwamfuta, a yi ta gauraya su har jadawalinsu ya dace da na gaske. Kuma tsohuwar karyewar tana da dishi-dishi sosai, don haka a galaksi masu nisa sai da madubin hangen nesa irin Hubble, da aka harba sararin samaniya a 1990, ake iya hango ta.