Wa ke kiran wa a cikin kod? Darasi kan cflow

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa masu bibiyar wanga shiri, barkanmu da warhaka. Daga nan Sakkwato nake magana da ku, kuma da gangan na zauna ɗaukar darasin nan bayan sallar asuba, tun zafi bai sa kwamfuta ta fara huci ba. In kun ji ƙarar babura ta taga, ku yi haƙuri, masu sammakon kasuwa ne.

Yau maganarmu kan kod ɗin gado ce. Wani ya rubuta manhaja da harshen C, ya kama gabansa, anka miƙo maka fayiloli goma sha biyu ba bayani ko na layi guda, anka ce gyara. Ƙannena ɗalibai masu karatun kwamfuta sun sha kawo mini irin wannan, kuma kusan dukkansu hanya ɗaya suke bi: su buɗe fayil na farko su kama karatu daga sama har ƙasa kamar littafi. Kod ba a jere yake gudu ba. Tambayar farko ita ce, wane fankishin, wato guntun kod mai suna da ke yin wani aiki guda, ke kiran wane? Mu nan mun san darajar salsala, a ce wane ya yi karatu wurin wane, shi kuma wurin wane. To manhaja ma tana da tata salsalar, kuma akwai ɗan kayan aiki da ke zana mana ita cikin ƙiftawar ido. Sunansa cflow, na GNU ne, aikin haɗin gwiwa na samar da manhajoji masu 'yanci, kyauta ne, Sergey Poznyakoff ke kula da shi.

In Ubuntu ko Debian kake, buɗe taminal ka rubuta:

sudo apt install cflow

Ƙarami ne ƙwarai, ba zai cinye maka data ba.

Misalin da ke gabana manhajar lissafin shago ce, irin ta mai sayar da shinkafa da albasa a buhu. Fayiloli uku ne: main.c, ciniki.c da ajiya.c. Ku dubi allo, na rubuta:

cflow main.c ciniki.c ajiya.c

Ga abin da ya fito:

main() <int main (void) at main.c:41>:
    bude_fayil() <int bude_fayil (const char *suna) at ajiya.c:9>:
        fopen()
    sayar() <void sayar (int lamba, int adadi) at ciniki.c:30>:
        kudin_kaya() <long kudin_kaya (int lamba, int adadi) at ciniki.c:12>
        rage_kaya() <void rage_kaya (int lamba, int adadi) at ajiya.c:25>
        printf()

Mu tsaya nan, don wanda ya iya karanta waɗannan layuka ya gama rabin darasi. Duk sunan da ya matsa ciki, na farko a samansa da bai kai shi matsawa ciki ba ne ya kira shi. main ya kira bude_fayil, shi kuma ya kira fopen. Abin da ke tsakanin alamun nan masu kama da bakin kibiya shi ne cikakken bayanin fankishin, da sunan fayil ɗin da yake zaune, da lambar layi. Ka ga ciniki.c:12, ka san inda za ka same shi, ba sai ka yi ta lalube ba. Yanzu ku lura da fopen da printf, ba komai a gabansu. Ma'anarsa cflow bai ga inda anka rubuta su cikin fayilolin da munka ba shi ba. Waɗannan na ɗakin karatun C ne, wato fankishin ɗin da ke zuwa a shirye tare da harshen, ba damuwa. Amma in ka ga sunan naku na gida tsirara haka, to akwai fayil ɗin da ka manta ba ka haɗa ba. Shi ya sa ni nakan rubuta cflow *.c kawai, a kwashe duka.

Sai ɗigo biyun nan na ƙarshen layi. Mai ɗigo biyu yana da waɗanda yake kira a ƙarƙashinsa, marar su kuwa nan reshensa ya ƙare. In kuma kunka ga harafin R cikin baka a gaban suna, wannan fankishin ne mai komowa ya kira kansa.

A manhaja ta gaske abin zai zubo kamar ruwan Agusta, ɗaruruwan layuka. Kada hankalinka ya tashi. Sa -d 2 ka ga hawa biyu na farko kaɗai. Sa -b don kada ya yi ta maimaita reshen da ya riga ya nuna, sai dai ya ce duba layi kaza, ka haɗa masa da -n ya sa lambobin layin. In ba daga main kake son farawa ba, -m sayar zai fara maka daga sayar. -T kuma rassa yake zanawa, ya fi daɗin kallo.

Amma wanda na fi ƙauna, wanda ba ranar aiki da ba na taɓa shi, shi ne -r:

cflow -r *.c

Wanga juya bishiyar yake yi, saiwa sama. Maimakon wa nake kira, sai ya amsa wa ke kirana. Kuma ita ce tambayar mai gyara. Kafin ka canza ko harafi ɗaya a cikin kudin_kaya, dole ka san su wa sunka dogara da shi, don duk abin da ka yi masa a kansu zai sauka.

To nan ne nake son ku buɗe kunne da kyau, don abin ya taɓa ni. Na taɓa yi wa wani bawan Allah mai shago gyara, yana son a riƙa yi wa masu sari rangwame. Na duba da -r, ya nuna mini sayar kaɗai ke kiran kudin_kaya. Na sa rangwamen a ciki, na gwada ciniki, komai daidai, na miƙa aiki. Ƙarshen wata ya kira ni murya na rawa, darajar kayan da ke sito ta ragu a rahoto, har ya fara zargin yaron shagonsa. Yaron nan bai ci ba bai sha ba. Da na koma, sai na tarar a saman wani fayil akwai layi kamar haka:

long (*lissafi)(int, int) = kudin_kaya;

Mai nuni ne zuwa fankishin, wato fointa. Rahoton wata ba da sunansa yake kiran kudin_kaya ba, ta hannun lissafi yake aika masa. Shi kuwa cflow rubutu yake karantawa, ba ya kunna manhaja ya ga abin da ke gudana, don haka bai haɗa su ba. Ranar na daɗe ina ba yaron haƙuri. Tun daga nan, bayan -r sai na bi da wannan:

grep -n kudin_kaya *.c *.h

grep ba ruwansa da kira ko ba kira ba, duk layin da sunan ya bayyana zai fito da shi. In ya nuna wurin da cflow bai nuna ba, je ka karanta wurin da idonka. Haka ma kiran da anka ɓoye cikin makro na #define, wato sunan da ake musanyawa da wani guntun kod kafin a haɗa manhaja: sai ka ƙara --cpp don a warware makro ɗin tukuna, ko da yake zai jawo tarkacen fayilolin .h, sai ka tace.

Masu son hoto, akwai Graphviz, manhajar zana taswira, wanda ya fito daga ɗakunan bincike na AT&T. Tun daga sigar 1.7 cflow na iya fitar da tsarin dot, wanda Graphviz ke karantawa, kai tsaye. Duba taka da cflow --version, sannan:

cflow --format=dot *.c | dot -Tpng -o taswira.png

Ga taswirar ta buɗe, akwatuna da kibau. Ni dai ra'ayina, hoton ya fi amfani wurin yi wa wani bayani, ko sakawa cikin kundin kammala karatu. Wurin gyara na yau da gobe rubutun taminal ya fi mini sauri, don a cikinsa ina iya bincike.

Aikin gida: ɗauki kowace manhajar C da ke hannunka, ko ta darasin aji ce, ka zaɓi fankishin ɗaya. Nemo masu kiransa da -r, ka sake nemowa da grep, ka rubuta a takarda inda amsoshin biyu sunka saɓa. A darasi na gaba za mu ɗauki cscope, wanda ke ba ka damar tsalle daga kira zuwa kira kana cikin fayil. Sai mun haɗu, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.