Baƙin Kano: na cikin ganuwa da na bayanta

Assalamu alaikum. Iyayena malamai da 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da haɗuwa.

Duk mai son ya ga yadda ƙaura ke sauya birni, ya taka cikin Kano da ƙafa, ya riƙa tambayar sunayen unguwanni. Ga Tudun Nufawa, ga Zangon Barebari, ga Ayagi inda fataken Yarabawa suka yada zango, ga Dandalin Turawa na Larabawan Arewacin Afirka. Tun zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, Wangarawa suka iso daga Mali da kasuwanci da ilimin addini. Da Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, sai hanya ta ƙara buɗewa. Yau ka je waɗannan unguwanni, Kanawa za ka tarar tsantsa, Hausa suke yi tamkar kowa. Gurasar nan da muke tinƙaho da ita, Larabawa suka zo da ita. Alhassan Ɗantata kansa daga Agalawa ya fito, masu fataucin goro zuwa Gwanja.

To me ya sa aka narke haka? Ni a ganina, saboda baƙon ya zauna cikin ganuwa. Rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya, aka yi auratayya, 'ya'ya suka tashi tare.

Yanzu ku dubi abin da ya biyo bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. Akawuna da ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa daga kudu. Turawan mulkin mallaka ba su bar su sun cuɗanya da mutanen birni ba, sai suka keɓe musu Sabon Gari a 1913, tsawon shekaru ma ba a ƙarƙashin Sarki suke ba. Wannan rabuwa, jama'a, ta yi mana ɓarna. Mutane suna ciniki da rana, da dare kowa ya koma inda bai san ɗan'uwansa ba. Da rikicin siyasa ya ɓarke a watan Mayun 1953, tsakanin birni da Fagge da Sabon Gari aka zubar da jini.

Duk da haka al'ada ba ta tsaya ba. Garin kwaki da teba da miyar agushi sun shiga gidajenmu. Inyamurin da aka haifa a Sabon Gari yana zuba karin magana har ka rasa bakin magana. Kantin Kwari ma sunan Kwara ya ɗauka, wato 'yan kasuwar Labanan da Siriya.

Yau kuma sababbin baƙi ne: 'yan ci-rani daga Nijar, waɗanda rikici ya koro daga Barno, da na Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. Yawanci a gefen gari suke sauka, inda ruwan famfo da makaranta suka yi ƙaranci. Masu yanka filaye da masu unguwanni da ke zauren nan, ina roƙonku ku tambayi kanku inda kuke saukar da mutanen nan, da kuma makarantar da 'ya'yansu za su zauna tare da namu.