Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, a madadin malamai, ma'aikata da ɗaliban wannan ɗakin gwaje-gwajen maleriya, muna yi maka barka da zuwa. Ɗawainiyar da kake yi wa lafiyar al'umma ba ɓoyayyiya ba ce, saboda haka kai tsaye za mu kawo kukanmu, wato buƙatar wutar lantarki wadda ba ta yankewa.

Idan sauro ya ciji mutum, ƙwayar maleriya hanta take fara nufa, ta laɓe a can kamar mako guda babu ko ɗumin jiki, guda ɗaya ta hayayyafa zuwa dubbai kafin ta bazu cikin jini. Masana biyu, Shortt da Garnham, ne suka gano wannan maɓoya a 1948, amma sai a 1985 masana a Faransa suka raini nau'in ƙwayar maleriya da ake kira falsiparum har ya kammala girma cikin ƙwayoyin hantar ɗan'adam a farantin gwaji. Wannan rainon muke yi a nan, domin a gwada magunguna tun kafin cuta ta kai ga jini. Ɗalibanmu kan yini suna feɗe sauro ɗaya bayan ɗaya don ciro ƙwayar daga jakar miyaunsa, sannan sai farantin ya yi kwana 7 a zafin digiri 37, daidai da jikin mutum. Wuta ta ɗauke dare ɗaya, dizal ya ƙare, aikin makonni ya bi ruwa. Hakan ya same mu a daminar bara.

Ranka ya daɗe, yankinmu ba baƙo ba ne a wannan fage. A ƙauyukan Garki da ke Jihar Jigawa a yau aka gudanar da shahararren binciken maleriya daga 1969 zuwa 1976, iyayenmu suka miƙa yatsunsu aka ɗibi jini, kuma har yau duniya tana karatu da sakamakonsa. Ga shi Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin rubu'in masu kamuwa da cutar a duniya, amma jikokin waɗancan bayin Allah sai sun tsallaka teku kafin su sami inda za su yi wannan gwaji cikin natsuwa. Abin yana yi mana ciwo.

Muna buƙatar faɗaɗa ɗakin kiwon sauro, muna kuma buƙatar sinadarin daskarar da ƙwayoyin hanta, amma waɗannan za su iya jira. Sola da batura da za su riƙe na'urar ɗumama faranti dare da rana su ne ba sa jira, kuma muna roƙo a kafa su kafin damina ta faɗi.

Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya.

Kwamitin Tarbar Baƙi