TBS: Filin da Sunan Ɗan Bauchi Ya Koma Harafi Uku

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tsibirin Legas ya ji yaran mota suna rataye a ƙofa suna kwarara kira: Obalende, CMS, TBS. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu na Bauchi da ke zuwa sari sun sauka a TBS ɗin nan ba sau ɗaya ba, sun sake hawa wata motar, ba tare da sun kawo a ransu cewa harafi biyun farko sunan mutumin garinsu ba ne. Dandalin Tafawa Ɓalewa ke nan, wato Tafawa Balewa Square a Turance, kuma a wannan fili aka haifi Najeriya mai 'yanci.

Na shiga filin a wata tafiya da na yi Legas. A ƙofar shiga akwai gumakan fararen dawaki sun ɗaga ƙafafun gaba, a samansu kuma jajayen gaggafa, irin waɗanda ke jikin tambarin ƙasa. Ciki fili ne fetal da aka shafe da kankare, matakalan zama sun kewaye shi. A bakin titi na tsaya wurin wani matashi mai gyaran takalma, da na ji Hausarsa na tambaye shi gida, ya ce daga wajen Darazo yake. Na ce, "Samari, ka san sunan wa aka sa wa wurin nan?" Ya yi dariya ya ce, "Wallahi Baba, mu dai TBS muka taras ana cewa." Na ciro tsohuwar naira biyar na nuna masa hoton da ke jiki. Ya riƙe ta ya daɗe yana kallo, ya ɗaga kai ya dubi dawakan.

Ban ga laifinsa ba. Laifin namu ne da muka sani ba mu faɗa ba.

Zamanin Turawa wurin nan filin sukuwa ne, inda manyan jami'an mulkin mallaka ke zuwa kallon tseren dawaki. A nan ne, tsakar daren da ya shiga 1 ga Oktoba 1960, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore da fari da kore. Gimbiya Alexandra ce ta wakilci Sarauniya Elizabeth a bikin, kuma wanda ya yi jawabi da sunan sabuwar ƙasar shi ne malamin makarantar nan da ya koyar a Midil ta Bauchi, Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ku duba zaɓin wurin: filin wasan masu mulki shi aka mayar filin karɓar mulki daga hannunsu.

Shekara biyar da 'yan watanni bayan haka, ranar 15 ga Janairu 1966, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a Legas ɗin. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanya a wajen gari, aka kawo shi gida Bauchi aka rufe. Gwamnatin soja ta Janar Yakubu Gowon ce ta sake gina filin a 1972, filin da yau yake ɗauke da sunansa. Kaki ya kashe, kaki ya karrama; wannan kam sai Najeriya.

Filin ya sake ganin babbar rana a 1 ga Oktoba 1979, lokacin da Janar Olusegun Obasanjo ya miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari bayan shekara 13 ƙasa tana hannun soja. Daga nan tauraron filin ya fara dusashewa. Tun 1976 Janar Murtala Muhammad ya yanke shawarar ƙaura da babban birni, kuma a Disamban 1991 Janar Babangida ya tattara ya koma Abuja. Sarauta ta bi sarki. Rantsuwar shugaban ƙasa ta 29 ga Mayu 1999 a Dandalin Eagle na Abuja aka yi ta, kuma can ake yi har yau. TBS ya koma wurin baje kolin kasuwanci, tarukan addini, kaɗe-kaɗe da rantsar da gwamnan Legas, ga tashar manyan motocin haya a gefensa.

Abin da ya tsaya mini a rai, ina zaune a kan matakalan nan, shi ne yadda aka tsara su. Duk suna fuskantar tsakiya, inda ake fareti, da rumfar manya. An gina wurin ne don talaka ya zo ya yi kallo ya tafa. Na Abuja ma haka yake, har ya fi: yana daf da majalisa da sakatariyar tarayya, kuma ranar babban taro ana toshe hanyoyin da ke kewaye da shi, sai mai katin gayyata. Bayan bama-baman da suka tashi kusa da shi ranar bikin cika shekara 50 da 'yanci a 2010, an yi shekaru ana gudanar da bikin a cikin fadar shugaban ƙasa, inda ko kallon ma sai a talabijin. Ku kwatanta da Dandalin Tahrir na Alƙahira, inda a 2011 jama'a suka yi kwana 18 har Hosni Mubarak ya sauka. Ba ina cewa abin da ya biyo baya a Masar ya yi kyau ba ne. Ina cewa can mutane ne suka cika fili da kansu, nan kuwa sai an kira mu, galibi da kuɗin mota da hular jam'iyya.

A nan Bauchi ɗalibai kan je ziyara kabarin marigayin, su ga kayansa da aka ajiye, su ɗauki hoto su koma. Ina roƙon malaman da ke raka su, da masu kula da wurin, su riƙa haɗa musu labarin da ɗaya ƙarshen: ina ya tsaya, me aka sauke, me aka ɗaga. Ku kuma 'yan'uwa masu zuwa Legas sari, in yaron mota ya ce TBS kuka sauka, ku ɗan tsaya minti goma ku leƙa ciki kafin ku wuce kasuwa.

Shi wancan matashi na Darazo, da zan tafi ya miƙo mini naira biyar ɗina. Na ce ya riƙe. Ya ninke ta biyu, ya sa a aljihun gaba, daban da inda yake zuba ciniki.