Kafin ka kashe rauta, karanta rajistarta

Daga rikodin laccar da wani injiniyan sadarwa ya yi wa matasan Hausawa masu kula da intanet a masaukan alhazai na unguwar Misfala, a Makka.

Assalamu alaikum, 'yan uwa da ƙannena. Hajji ya ƙarato, masaukanku za su cika, kowane alhaji na son kiran gida ta WhatsApp. Da zarar intanet ya ɗauke a wani hawa, manaja ya ɗaga murya, sai yawancinku ku zare wayar wutar rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, ku mayar. Wannan ɗabi'a tana damuna ƙwarai.

Na'urar nan tana rubuta duk abin da ya same ta a rajistarta: wa ya shiga, wa ya taɓa saiti, wace waya ta karɓi adireshin IP (lambar da ake ba kowace waya in ta hau intanet ɗin), wace kafar kebul ta yanke da ƙarfe nawa. Amma rautar kamfanin MikroTik da da yawanku ke aiki da ita, in ba a sauya mata saiti ba, a ƙwaƙwalwar wucin gadi take ajiye rubutun. Kana kashe ta ya goge. Intanet zai dawo, manaja ya huce, amma ka kori shaidar da za ta gaya maka musabbabin, kuma gobe matsalar na nan tafe. Don haka ku ware kwamfuta guda, na'urori duka su riƙa aika mata rajistarsu ta syslog, wato tsarin tura rajista daga na'ura zuwa wata. Tsohon tsari ne, Eric Allman ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980, yana bi ta UDP (wata hanyar aika saƙo tsakanin na'urori) a ƙofa ta 514, kuma kusan kowace na'ura ta san shi.

Sai bincike. Kada ka tsaya karanta dubban layuka ɗaya bayan ɗaya. Syslog ya kasa saƙonni mataki takwas, daga 0, wato na'ura ta durƙushe, zuwa 7, bayanan gyara dalla-dalla. Fara da 0 zuwa 3. Sannan ka tambayi alhaji yaushe abin ya faru. In ya ce bayan sallar Isha, ka tace wannan sa'ar kaɗai, ka karanta abin da ya gabaci yankewar, domin galibi a nan dalilin yake. Wajen bin sawun waya kuwa, yi amfani da adireshin MAC, wato lambar shaidar wayar kanta. IP aro ne daga DHCP (tsarin da ke raba wa wayoyi adireshi), wanda ke hannun wani yau yana iya komawa hannun wani gobe.

Duk wannan banza ne in agogo ba daidai yake ba. Saudiyya tana gaban UTC, wato agogon da duniya ke ma'auni da shi, da awa 3. Na'urar da aka bari a UTC za ta nuna abin da ya faru ƙarfe 9 na dare a ƙarfe 6, ka yi ta laluben inda babu komai. Wasu ma ba su da batirin agogo, sai ka ga shekarar 1970 bayan an ɗauke wuta. Ku haɗa su duka da NTP, wato tsarin da ke daidaita agogon na'ura ta intanet.

Wani ɗan uwa ya tambaya ko wa ya kamata ya ga rajistar. Bayanan baƙin Allah ne a ciki, kuma amana ce. Kowane ma'aikaci ya sami sunan shigarsa daban, domin in ku biyar kuna shiga da “admin”, rajista ba za ta iya cewa wane ne ya sauya saiti ba. Ku gyara wannan a makon nan, tun jiragen alhazai ba su fara sauka Jidda da Madina ba.