Daren da Kunne Ya Yaudari Matuƙi: Lacca kan Haɗarin Jirgin John Kennedy Ƙarami

Assalamu alaikum. Ina godiya ga duk wanda ya halarci wannan zama, musamman ku ɗalibai masu koyon tuƙin jirgin sama. Zan ɗauki haɗari guda ɗaya ne kawai mu zauna a kansa, domin ni a ganina babu wanda ya kai shi bayyana yadda jikin mutum ke yi masa ƙarya a sararin samaniya.

A ranar 16 ga Yuli, 1999, John Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ya tashi da ƙaramin jirginsa ƙirar Piper Saratoga daga filin Essex County a jihar New Jersey, ɗauke da matarsa Carolyn da yayarta Lauren Bessette, za su tsibirin Martha's Vineyard. An shirya tafiyar tun da sauran haske, amma aka yi jinkiri, ba su tashi ba sai ƙarfe 8:38, bayan rana ta faɗi. Ƙwarewarsa ta tuƙi wajen awa 310 ce, kuma bai kammala horon tuƙi da agogunan jirgi kaɗai ba, wato na'urorin da ke nuna wa matuƙi tsayi da gudu da karkatar jirgin, yana tsakiyar karatun ne. Wani malaminsa ya nemi ya raka shi, shi kuwa ya ce yana so ya yi tafiyar shi kaɗai. Wannan ne kuskure na farko, kuma an yi shi tun jirgin yana ƙasa.

Daren akwai hazo, hanyar da ya bi kuma ta ratsa teku, inda babu fitilar gari, babu layin da ke raba sama da ruwa. A nan nake so ku ba ni hankalinku sosai. A cikin kunnen kowannenmu akwai wasu 'yan bututu uku masu ruwa a ciki, su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa mutum ya karkata ko yana juyawa. Idan jirgi ya karkata a hankali ƙwarai, waɗannan bututun ba sa jin komai, kuma idan juyin ya ɗore na kusan daƙiƙa 20, ruwan sai ya kwanta, matuƙi ya riƙa jin kamar yana tafiya sak alhali fiffike ɗaya yana ƙasa. Abin da ya fi muni shi ne lokacin da ya daidaita jirgin, domin a sannan jikinsa zai gaya masa cewa ya karkata zuwa ɗaya ɓangaren, sai ya mayar da jirgin cikin karkatar da ya fito daga gare ta da hannunsa. Jirgin da ya karkata yana rasa tsayi, matuƙi kuma da ya ga agogon tsayi yana raguwa sai ya ja sitiyari baya, wanda a wannan hali ƙara matse juyin yake yi, gudu ya ƙaru, faɗuwa ta ƙaru.

Bayanan rada sun nuna kusan haka ne ya faru da Kennedy. Yana saukowa daga ƙafa 5,500, sai jirgin ya shiga hawa da sauka, ya juya hagu, sannan ya juya dama, har saurin faɗuwarsa ya wuce ƙafa 4,700 a minti ɗaya. Da misalin ƙarfe 9:41 ya faɗa teku, babu wanda ya tsira. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ba ta sami wani lahani a injin ko agogunan ba, ta ce ruɗewar matuƙi ce game da matsayin jirginsa, tare da hazo da duhun dare. Agogon da ke nuna karkatar fiffike yana gabansa yana faɗin gaskiya, kuma jirgin yana da na'urar da ke tuƙi da kanta, amma binciken ya nuna ba a kunne take ba a lokacin faɗuwar. Bai kuma nemi masu kula da zirga-zirgar jirage su bi sawunsa ta rada ba.

Kada wani ya ce wannan rauninsa ne shi kaɗai. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 da ba su da horon agoguna, aka rufe musu ganin waje, duk suka rasa iko da jirgi, a matsakaicin daƙiƙa 178.

Abin da ya sa lamarin ya dame ni shi ne mun san hazo. Ɗalibin da ya tashi daga Zariya a watan Janairu, ƙurar hunturu ta haɗe sama da ƙasa suka zama fari ɗaya, yana iya shiga irin halin Kennedy da rana tsaka. Saboda haka idan malami ya ɗora muku abin rufe gani ya ce ku dubi agoguna kawai, ku roƙe shi ya karkatar da jirgin a hankali idanunku a rufe, ku faɗi abin da jikinku ya ji, sannan ku buɗe ido ku ga abin da agogon yake nunawa.