Rumfar haɗa kwale-kwale a gida: yadda ake kafa ta

Assalamu alaikum jama'a. Ko a Yawuri kake, bakin Kogin Neja, ko a Baga kusa da Tafkin Chadi, in ka yi niyyar haɗa kwale-kwalenka a gida, rumfa za ka fara kafawa tun zarto bai taɓa katako ba.

Katakon ne ya fi ka bukatar inuwa. Rana ta doke shi ta gefe guda, ya lanƙwashe. Ruwa ya jiƙa shi ya kumbura, iskar hunturu ta zo ta busar da shi da gaggawa ya tsattsage. Ko maɗaci ne, da duk ƙarfinsa, haka zai yi. Katakon da ya murɗe kuwa ba zai haɗa baki da ɗan'uwansa ba, komai yawan ƙusa da kwaltar da ka zuba, ta nan ruwa zai riƙa shiga.

Nemi fili mai ɗan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, ka daidaita ƙasar sosai. A kan karkatacciyar ƙasa jirgin ma karkacewa yake yi. In jirgin mita 8 ne, rumfar ta kai mita 10, ka bar aƙalla mita 1 hagu da dama don ka samu wurin tsugunawa da ɗaga guduma.

Sai dirkoki. Ka haƙa kowane rami kamar santimita 60, ka shafa wa gindin dirka baƙin mai saboda gara, ka binne ka daddanne. Jera gora a sama ka ɗaure da igiya. Kada ka yi rowar tsayi, domin akwai ranar da za a taru a kifa jirgin a gyara ƙasansa.

Wajen rufi ake yawan kuskure. Tamfol ɗin da aka shimfiɗa a kwance tara ruwa yake yi, ya yi tumbi, cikin dare ɗaya ya karya gora ya zube a kan aikinka. Ɗaga tsakiya ko gefe ɗaya yadda ruwa zai gangara, ka ja shi ya miƙe tam, ka tona 'yar lambatu a kewaye. Hadarin damina yawanci daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, don haka can za ka ƙara igiya da turaku, ka kare da zana. Sauran ɓangarorin ka bar su a buɗe, ni dai ban yarda da rumfar da aka toshe ruf ba, zafi da laima duk ciki suke taruwa. Katakon ma kada ya kwanta a ƙasa, ɗora shi a kan gungume, ka sa 'yan sanduna tsakanin kowane biyu iska ta ratsa.

Kafin ka binne dirkar farko, ɗauki igiyar awo ka je ka auna faɗin ƙofar gida da kwanar lungunku, ka fuskantar da bakin rumfar can. Ta nan jirgin zai fita ranar da za a kai shi ruwa.